Zaren Kakuri

Didam ya zo ranar Talata da gwangwanin madara,
jar ƙasar Nisama na maƙale a faratansa.
Ya zazzage mini a faranti.
Manyan dillalai sun tsince nasu tun a bakin rami,
sun auna a sikelin da ko numfashi ke motsawa,
sun wuce da yaƙutun da ba shi da tabo.
Ragowar ce rabona:
mai ruwan makuba, mai ruwan zuma,
shuɗi mai hadari a cikinsa,
da wani kore-kore kamar kogin nan in ya janye daga gaɓa.

Shekara goma sha tara muka yi, ni da shi,
a layi ɗaya a masaƙar Kakuri.
Ƙarar inji ce ta koya mana hira da gira.
Ranar da aka garƙame ƙofa
shi ya koma gida ya saɓi diga,
ni na haye gada da ƙullin zare guda a aljihu,
ban ma san abin da zan yi da shi ba.

Yau a rumfata ta Kasuwar Barci
hujin dutse nake ci da shi.
Kada ka ɗauka ƙarfi ne.
Ruwa na ɗiga daga gorar da na rataye,
tsinke na juyawa, ni kuwa na riƙe numfashi.
In ka bi ta gefe ɗaya har ka ɓulla,
bakin zai ɓare.
Sai ka shiga ta nan zuwa rabi,
ka juya, ka shiga ta can,
ka bar ramuka biyu su lalubi juna a duhu.
Wata rana su gamu.
Wata rana su saɓa da kaurin gashi,
zare ya shiga ya tsaya cirko-cirko.
In aka ɗauke wuta ana tsaka da aiki
sai in jiƙa garin kwaki, dutse ya jira, ai ya saba.

Hajiya Barmani ta ce, "Ɗantani,
talatin da uku nake so, duk kai ɗaya."
Na nuna mata rumfar gaba,
inda na kwalba ke cike da kwano,
dubu guda, fuska guda.
Ta ɗora nawa a kunci, sanyi ya ratsa ta,
ta ƙwanƙwasa shi a haƙori,
ta ja tsaki,
ta biya.

Amma akwai gwangwanin kifi a ƙarƙashin benci
wanda ba na buɗe wa mai ciniki.
Nan nake tara waɗanda aka ƙi:
mai tsaga kamar walƙiya,
mai kumfar da ta daskare tun kafin a haifi kowa,
mai hujin da ya karkace ranar da nake zazzaɓi.
Shekara bakwai ina jefawa.

Kuyet, 'yar Didam, za ta yi aure ƙarshen shekara,
wadda nakan saya wa rake a bakin ƙofar masaƙa.
Na ciro tsohon ƙullin nan,
na ninka shi huɗu, na murza da kakin zuma.
Tsakanin dutse da dutse na ɗaura ƙulli,
don in ya tsinke wata rana
ɗaya kawai za ta durƙusa ta nema.
Mai tsagar na sa shi a tsakiya,
daidai inda makogwaro ke motsi in ana dariya.

Saura duwatsu uku zare ya ƙare.

Na kira shi da dare, layi na yankewa.
Ya yi shiru har na zaci ya katse.
Sai na ji tarinsa, tarin audugar da nake yi ni ma.
Ya ce, "Kar ka sayi na kasuwa.
Ranar nan ai ni ma na ɗauko ƙulli guda.
Yana cikin akwatin mamarta.
Zan ba direba ya kawo maka tashar Talabijin,
ka je da wuri, ka san ba ya jira."